Yadda ake fita hutun ƙarshen mako daga Kano: duwatsun Rano da kwana a bakin ruwan Tiga

Da yawa daga cikinmu a Kano, in aka ce a fita shan iska a ga duwatsu, sai hankali ya tafi Jos ko Mambila, sai lissafin kuɗin mota da na masauki ya kashe maganar tun ba a tashi ba. Alhali kudu da birni, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, akwai duwatsun Rano da Rurum, ga kuma ruwan dam ɗin Tiga a shimfiɗe a gefensu. Juma'a da yamma zuwa Lahadi da la'asar ta isa a hau dutse, a shiga kwalekwale, a kwana ɗaya a tanti a bakin ruwa, a dawo Litinin a buɗe shago.

Amma tun daga farko a san wani abu: tanti da kayan girki su ne ƙaramin ɓangaren wannan tafiya. Babban ɓangarenta mutanen wurin ne. Babu wani bakin ruwa ko gindin dutse a ƙasar Kano da ba shi da masu shi, kuma wanda ya je ya kafa tanti ba da saninsu ba ya jawo wa kansa zargi, ko abin da ya fi zargi. Saboda haka matakan da ke ƙasa sun fi daɗewa a kan wannan.

Mataki na 1: zaɓen lokaci

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba shi ne lokacin. Ruwan sama ya ɗauke, dam ya cika ya batse, gari bai gama bushewa ba, hanyoyin ƙauye sun fara tsanewa. In hunturu ya kankama a Janairu, hazo yakan rufe komai, ka sha wahalar hawa dutse ka isa sama ba ka ganin ko ƙauyen da ke gindinsa, ga sanyin bakin ruwa na asuba wanda ba irin na cikin Fagge ba ne. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, dutse kan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu tun ƙarfe 10 na safe. Damina a bar ta: tsawa a kan dutse, santsi, da ruwan da kan ƙaru cikin dare.

Mataki na 2: 'yan tafiya da ɗan gari

Mutum huɗu zuwa takwas, mota biyu in da hali, don in ɗaya ta ba da matsala ɗayar ta nemo bakanike. Ƙasa da huɗu bai dace da kwanan daji ba. Fiye da takwas kuma taro ne, kullum ana jiran wani.

Sannan a nemo ɗan gari tun daga Kano, kuma wannan ba ya wuya. A ma'aikatarku, ko layinku a kasuwa, ko cikin 'yan sahun gaba na masallacin unguwa, da wuya a rasa mutumin Rano, Bebeji ko Tudun Wada. A same shi mako guda kafin tafiya, a gaya masa abin da ake so, ya kira gida. Abu uku ake so daga wannan kiran: a ji yadda tsaro yake a wannan makon (ba a watan jiya ba), a san ƙauyen da za a sauka, a kuma sami wanda zai tare ku ya kai ku wurin mai unguwa. In amsar da ta dawo ta ce a dakata, a dakata. Ba a musu da ɗan gari a kan garinsu.

Kafin ranar, duk wanda zai je ya gwada ƙafarsa a Dala ko Goron Dutse da takalmin da zai tafi da shi. Wanda ya isa saman Dala yana haki kamar zai shiɗe, to ya san matsayinsa, sai a ba shi aikin tsaron kaya da hura wuta, kuma ba abin kunya ba ne.

Mataki na 3: haɗa kaya

Kusan komai yana samuwa a gida ko a kasuwanninmu. Tanti akan ci sa'arsa wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ko a Sabon Gari. Duk wanda aka saya, a kafa shi a tsakar gida tukuna, a ƙirga sandunansa, a ja zif ɗinsa sama da ƙasa, domin tantin gwanjo da sanda ɗaya ta ɓata ba a gane shi sai an zo kafawa. In ba a samu ba, babban tamfol da igiya da gidan sauro sun wadatar a lokacin rani. A haɗa da tabarma, katifar soso 'yar siririya, bargo mai nauyi ga kowa, rigar sanyi, hular sanyi da safa.

Ruwan sha daga Kano za a ɗauko shi, a yi lissafin lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala. Ruwan dam ba a shansa sai an tace an tafasa. Abinci kuwa a nemi wanda ba ya lalacewa da wuri: gurasa da ƙuli, kilishi, dabino, garin kwaki da sukari, shinkafa, taliya, mai da yaji, albasa, kayan shayi. Lemo da kankana a tsaya a 'Yan Lemo, tunda a kan hanya take. Kada a wahalar da kai da ɗaukar nama a kula, kifi na can yana jira.

Sauran: kurfoti da gawayi ko ƙaramin gas, ashana a cikin leda, tukunya, wuƙa, adda, ƙaramar fartanya, buta biyu, tocila ga kowa da batir na ajiya, fitilar sola, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, buhu biyu na zuba shara. Akwatin magani ya ƙunshi farasitamol, gishirin ORS, bandeji, filasta, aidin, man shafawa na korar sauro, da maganin duk wani mai hawan jini, suga ko asma a cikinku. Kuɗi a riƙe su a hannu, ƙananan canji, kada a dogara da taransifa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kowa da katin shaidarsa.

Mota ta ga bakanike ranar Laraba ko Alhamis, kada a bari sai safiyar Juma'a: birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu, iskar safaya, jak da abin kwance taya. A cika tanki a Kano.

Mataki na 4: Juma'a, hanya da gaisuwa

Ana sallame Juma'a a kama hanya, kada a wuce ƙarfe 3. A wannan lokaci na shekara rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, kuma ƙa'idar tafiyar gaba ɗaya ita ce magariba ba ta riskar ku a kan titi. A bi titin Zariya, a wuce Kwanar Dawaki da Kura, inda gonakin shinkafa ke hagu da dama, da Kwanar Gafan ta 'yan tumatir. Duk koren da kuke gani a Kura da Kadawa ruwan Tiga ne ya yi shi, ta magudanan da aka ja daga dam ɗin. A wajen Ciromawa sai a saki titin Zariya a karkata hagu, a wuce Bagauda inda Makarantar Horar da Lauyoyi take, a miƙe zuwa Tiga. Daga birni kimanin kilomita 70 ne.

An gina dam ɗin ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano. Faɗin ruwansa ya kai kimanin murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Wannan na nufin bangon dam ɗin, da wurin sakin ruwa, da tashar lantarkin da ke wajen, wurare ne na hukuma masu masu gadi. A je a gani da rana, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, amma ba nan ake kwana ba. Wurin kwana yana can gefen ƙauyukan masunta da ke kewaye da ruwan.

Yanzu sai babban aikin ranar. Ɗan garinku ya shige gaba zuwa ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci. A ajiye mota nesa kaɗan, a taka da ƙafa. Kowa ya sa doguwar riga da hula. Gajeren wando da baƙin gilashi su jira gobe. A yi sallama, a cire takalmi a bakin zaure, a durƙusa a gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi iyali, a tambayi jama'a, a tambayi kaka. Mutum ɗaya ne zai yi magana, wanda ya fi shekaru:

"Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga Kano. Mun zo ganin duwatsu da ruwa, muna kuma neman izini, in babu damuwa, mu kwana ɗaya gobe a bakin ruwa, a inda ka ga ya dace."

Sai a tura ƙullin goro da dabino gabansa, ko sukari da sabulu, a faɗi adadinku da sunayenku da unguwar da kuka fito. Kada a yi mamaki in ya yi shiru ya ƙare muku kallo, sannan ya ce, "To, samari, me ya raba ku da katifunku?" Tambaya ce ta gaskiya, a amsa ta da gaskiya, da fara'a. Mutumin da bai taɓa ganin wanda ya bar ɗaki ya zo ya kwanta a fili don nishaɗi ba yana da haƙƙin ya yi tambaya. In ya gamsu, shi zai aika a kira Sarkin Ruwa ko wani babba cikin masunta, ya kuma haɗa ku da ɗan sintiri ko maharbi ɗaya ko biyu da za su kwana tare da ku. A yi maganar abin da za a ba su a nan take, a gaban mai unguwa, kada a bar shi sai an zo rabuwa. Daga nan a biya caji ofis mafi kusa a sanar, a bar lambar waya da lambar mota.

Daren Juma'a a kwana a ƙarƙashin rufi, a masauki ko a gidan da ɗan garinku ya tanada. Ni dai ban ga hikimar kafa tanti cikin duhu a wurin da ba a taɓa gani da rana ba.

Mataki na 5: Asabar da safe, hawan dutse

Ana idar da sallar asuba a sha shayi a fita. Daga Tiga akwai hanyar da ta bi ta Rurum ta shiga Rano, kuma tun daga mota za ku fara ganin duwatsun, wasu sulɓaɓɓu masu faɗin kai, wasu tulin manyan curarru da aka ɗora wani kan wani har ka ce turawa kaɗan za ta gangaro da su. Rano na cikin Hausa Bakwai, Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari, kuma tsohon gari ne da ya zauna a jikin duwatsunsa. In lokaci ya ba da dama bayan an sauko, a zaga a ga ƙofar fada da kasuwa.

Kada a zaɓi dutse daga cikin mota. A tambayi ɗan rakiya wanda ake hawa, domin wani yana da amya ko zumar daji a kogonsa, wani kuma mutanen gari suna da dalilinsu na ƙin hawansa, kuma ba sai sun yi muku bayani ba. A fara hawa kafin ƙarfe 7, a sauko kafin 11. Ɗan rakiya a gaba, mai ƙarfi a baya, mai rauni a tsakiya. Takalmi ya zama kambas mai taurin ƙasa. Silifas da takalmin fata mai santsi su zauna a mota. Kowa da gorar ruwansa a jakar baya don hannu biyu su zama a sake.

Ba a zura hannu a rami ko tsagar dutse, ba a kuma ɗaga dutse da hannu, saboda kunama da maciji. Inda ciyawa ta yi tsawo a riƙa buga sanda a gaba. Turare mai ƙarfi yana jawo zuma, a haƙura da shi ranar. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji kuma ido na kallon ƙasa mai nisa: inda gangara ta yi tsanani a zauna a ja jiki, wando ya ƙoƙe ya fi ƙafa ta karye. Masu son hoto a bakin gaɓa kuma a ja musu kunne tun daga ƙasa.

In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauke shi a kai mota, a nufi babban asibiti mafi kusa, ana tafe ana kiran waya a ji inda ke da allurar dafin maciji. Kububuwa ƙarama ce, saranta kan yi kamar ba komai a farko, sai daga baya jini ya ƙi tsayawa, don haka ko mutum ya ce ya ji sauƙi a kai shi.

Mataki na 6: kafa sansani

A koma bakin ruwa da azahar, a huta a inuwa, a fara kafa tanti da la'asar sakaliya. Wurin da mai unguwa ya nuna shi ne wurin, amma a cikinsa ma akwai zaɓi. A nemi tudu mai busasshiyar ƙasa, taku 50 ko fiye daga ruwa. Kusa da ruwa akwai laka, sauro da raɓa. A duba ƙasa: in ka ga sawun kofato da kashin shanu sun yi layi zuwa ruwa, burtali ne ko mashaya, kuma da sassafe garke zai biyo ta kan tantinku. A matsa. A nisanci lambun mutane da bututun injin ban ruwa, da inda masunta ke shanya taru. A kuma tsaya inda za a iya jin kiran sallar ƙauyen. Nisan da ya wuce haka ya yi yawa.

A share wurin da fartanya, a kwashe ƙaya da ƙarangiya, a duba ramukan tururuwa da cinnaka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ƙofar tanti ta ba ta baya. A juya motoci su fuskanci hanyar fita, makulli a wuri ɗaya da kowa ya sani. Makewayi a haƙa rami can nesa da ruwa, a kewaye da tamfol, kowa ya shiga ya tura ƙasa. In da mata da yara a tafiyar, tantinsu a tsakiya, makewayinsu daban, kuma yaro ba ya zuwa bakin ruwa sai da babba riƙe da hannunsa. Alƙibla daga nan gabas ce a ɗan karkata hagu. Ɗan rakiya zai nuna. Zancen ƙasaru kuwa, tunda nisan yana kan gaɓa, a tambayi malami tun a gida don kada a ɓata yammacin da gardama.

Kafin magariba masunta kan dawo. A je a tare su, a ce, "Baba, sannu da ruwa, me aka samo?" Karfasa ita ce ta gashi. A duba cikin kunnenta, inda take numfashi, ya zama ja, idonta garau. A kankare ɓawon, a cire kayan ciki, a tsaga jikinta sau uku kowane gefe, a cusa gishiri da yaji da dakakkiyar citta da tafarnuwa a cikin tsagar, a shafa man gyaɗa. Gawayi sai ya daina hayaƙi ya yi farin toka a sama kafin a ɗora waya. Kada a yi ta juya ta. A bar gefe ɗaya ya gasu har fatar ta saki wayar da kanta, sannan a juya sau ɗaya. A ci da gurasa da yankakkiyar albasa, a fara miƙa wa 'yan rakiya. Tarwaɗa kuwa farfesu ta fi so.

Wuta a kewaye ta da duwatsu, nesa da busasshiyar ciyawa da karan dawa, domin a kaka tartsatsi ɗaya na iya cinye amfanin gonar wani. Kafin a kwanta a kashe ta da ruwa, a tona tokar a ƙara zubawa. Kuma komai tsananin sanyi, kurfoti ba ya shiga tanti ko mota. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. A ƙara bargo.

Dare a raba shi: mutum biyu a farke kowane awa biyu, tare da ɗan sintiri. Ba kiɗa mai ƙara, ba haska tocila cikin ruwa inda masunta ke aikin dare. In an ji motsi, ɗan gari ne zai yi magana, ba ku ba. Takalmi a shigar da shi tanti, da safe a zazzage kafin a zura ƙafa.

Mataki na 7: Lahadi, ruwa da komawa

Da hantsi, kafin iska ta tashi, shi ne lokacin kwalekwale. Sarkin Ruwa ne zai zaɓa muku matuƙi. Adadin da matuƙin ya ce jirginsa na ɗauka, a rage mutum ɗaya a kai, kuma wanda bai sa rigar kariya ba kada ya shiga. In babu a can, a sayo daga Kano, ko a haƙura a yi kallo daga tudu. Mutanen Kano ba su manta da kwalekwalen da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda lodi fiye da kima ya yi sanadin rasa rayuka da dama, akasarinsu ɗalibai. A zauna a jirgi, ba tsayuwa, ba sauya wuri, a kuma bi gefe-gefe.

Wanka a dam, shawarata a bar shi. Ƙasansa ba daidai yake ba, taku ɗaya ruwa na gwiwa, na gaba ya shanye mutum, ga laka da tsofaffin kututture da taru a ƙasa. Sannan ruwan da ke kwance irin wannan, mai katantanwa a gefensa, shi ne matattarar tsargiya, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Za ku ga yaran ƙauyen suna ta iyo. Su a nan aka haife su, kuma da yawansu suna fama da ita.

A tattara kaya kafin azahar. Leda, gwangwani, batir da kwalba duk su shiga buhu su dawo Kano, domin saniya na haɗiyar leda ta mutu. A cike ramin makewayi. A sallami 'yan rakiya da abin da aka yi alkawari da ɗan ƙari, ragowar sukari da shinkafa da mai a bar musu. A koma wurin mai unguwa a yi ban kwana da godiya, a karɓi lambar wayarsa, a leƙa caji ofis a ce an tashi. Don sauya hanya, ana iya fita ta Rano a biyo Bunkure a ɓullo Karfi a kan titin Zariya, a shiga gari kafin la'asar.

Wanda wannan ta yi masa daɗi har yake hangen manyan tsaunuka, akwai Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin jihar, inda tuddai suka haura mita 1,000 kuma aka daɗe ana haƙar kuza. Sai dai hanyarta, wadda ta bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, in an wuce Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore ne, wanda ba a shigarsa sai da rana tsaka kuma sai an tambayi direbobin da suka fito a ranar. Can a cikin gari ake kwana, ba a tanti ba, kuma tana son kwana uku.

Bayan an dawo, duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu ya je a gwada jininsa, kada ya ce gajiyar hanya ce. Wanda kuma ya taɓa ruwan dam, in bayan wasu makonni ko watanni ya ga jini a fitsarinsa, ya je asibiti ya faɗa wa likita inda ya je da ranar da ya shiga ruwan.